Matsin Aiki da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Masu Sharar Asibiti a Lokacin Annobar Korona

3.0 Shimfiɗa

Duk lokacin da aka yi maganar ma'aikatan asibiti, waɗanda suke fara zuwa zukatan jama'a su ne likita da nas da ungozoma, sai kuma mai ba da magani. Ba kasafai ake tunawa da mutumin da ya riga su duka shiga ɗakin majinyata da sassafe, ya kwashe shara, ya wanke makewayi, ya goge aman da wani ya yi cikin dare ba. A wannan babi za a yi ƙoƙarin duba halin da waɗannan bayin Allah suka shiga a lokacin annobar korona, watau COVID-19, musamman a birnin Kano cikin shekarar 2020, da kuma irin tasirin da wannan hali ya yi ga lafiyar ƙwaƙwalwarsu. Abin da ake son nunawa shi ne, mai shara ya fi kowa kusa da ƙazantar asibiti, amma ya fi kowa nisa da bayani da kayan kariya da sakayya, kuma wannan giɓi ya taimaka wajen takura shi kamar yadda ita kanta cutar ta yi.

Idan an ce "mai shara" a nan, ana nufin duk ma'aikacin da aikinsa shi ne tsabtace asibiti, namiji ko mace, wanda a baki ake kira kilina. Bayanin ya shafi masu wankin zannuwan gado da masu kwashe bola zuwa wurin ƙonawa, domin sau da yawa mutum ɗaya ne yake haɗa ayyukan.

3.1 Ma'anar Matsin Aiki

Bahaushe yana da kalmomi da dama da suke kewaye da wannan batu, kamar gajiya da damuwa da fargaba da zullumi da ƙuncin zuciya. Sai dai kowace daga cikinsu ɓangare ɗaya take ɗauka. Gajiya ta jiki ce, barci yana maganinta. Matsin aiki kuwa shi ne halin da ma'aikaci yake shiga idan abin da ake nema daga gare shi ya fi ƙarfin abin da yake da shi na lokaci ko kayan aiki ko ilimi ko iko, kuma hakan ya daɗe bai yaye ba.

Masanin da ya fara fito da wannan al'amari fili ta fuskar likitanci shi ne Hans Selye, wanda ya yi gwaje-gwaje a kan ɓeraye a Jami'ar McGill ta ƙasar Kanada, ya buga sakamakonsa a 1936. Ya lura cewa jiki yana mayar da martani iri ɗaya ga kowace irin takura, ko sanyi ne ko rauni ko guba. A yau an san cewa idan mutum ya hangi haɗari, wasu 'yan ƙullutai da suke zaune a saman ƙoda sukan saki sinadarai biyu cikin jini, adirenalin da kotisol. Nan take zuciya za ta ƙara bugawa, jini ya hau, barci ya gudu, jiki ya shirya wa gudu ko kokawa. Wannan rahama ce ga wanda ya yi kiciɓis da maciji a hanya, domin da macijin ya wuce jiki zai koma daidai. Matsalar tana zuwa ne idan macijin ya ƙi wucewa, watau mutum ya kwana ya tashi cikin wannan shiri har tsawon watanni. Daga nan ne ake samun rashin barci da ciwon kai da saurin fushi da mantuwa, har a kai ga ciwon damuwa sosai.

Masana biyu sun yi bayanin yadda wurin aiki yake haifar da wannan hali, kuma bayanin nasu ya dace da mai shara ƙwarai. Robert Karasek (1979) ya nuna cewa yawan aiki shi kaɗai ba ya cutarwa kamar a haɗa wa mutum yawan aiki da rashin ta cewa. Likita yana shan aiki, amma shi yake yanke shawarar wanda zai fara gani da abin da za a yi masa. Mai shara kuwa kiransa ake yi: zo ka goge nan, je ka kwaso can. Ba shi da ikon cewa a dakata. Shi kuma Johannes Siegrist (1996) ya ɗora a kan haka da cewa mutum yana auna wahalarsa da abin da yake samu, kuma abin da yake samu ya haɗa da kuɗi da girmamawa da tabbacin cewa gobe ma aikin nasa ne. Idan wahala ta rinjayi sakayya na dogon lokaci, lafiya takan taɓu. Idan muka haɗa ra'ayoyin biyu za mu ga cewa mai shara ya faɗa cikin ramukan duka tun kafin a ji sunan korona.

3.2 Matsayin Mai Shara Kafin Annoba

Masanin zamantakewa Everett Hughes na Amurka ya yi magana tun cikin shekarun 1950 a kan abin da ya kira aikin ƙazanta. Manufarsa ita ce, akwai ayyukan da al'umma ba ta iya rayuwa sai da su, amma sai ta shafa wa mai yin su ƙyamar abin da yake taɓawa. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Kowa yana faɗin cewa tsafta cikon addini ce, amma kaɗan ne suke son a ce ɗansu ko 'yarsu ke wanke makewayin asibiti. Mace mai wannan aiki, wadda sau da yawa bazawara ce ko wadda mijinta ya gaza, takan ce wa mutane a asibiti take aiki, ta tsaya nan.

Bugu da ƙari, tun gyare-gyaren aikin gwamnati da aka yi a zamanin Shugaba Olusegun Obasanjo, Gwamnatin Tarayya ta janye hannunta daga ɗaukar ƙananan ma'aikata irin su masu shara da masu gadi, aka miƙa ayyukan ga kamfanonin 'yan kwangila. Sakamakon haka shi ne, a manyan asibitoci da yawa mai shara yana aiki a cikin asibiti amma ba ma'aikacin asibitin ba ne. Asibiti yana biyan kamfani, kamfani yana biyansa. In kuɗin kwangila ya makara, albashinsa ya makara. In ya yi ƙorafi, akwai mutum goma a bakin ƙofa suna jiran gurbinsa. A 2019 aka sa hannu a kan dokar mafi ƙarancin albashi ta Naira 30,000, amma wanda yake ƙarƙashin ɗan kwangila ba shi da ƙungiyar da za ta tsaya masa ta tabbatar dokar ta iso gare shi.

3.3 Kano a Watannin Afrilu da Mayu na 2020

An tabbatar da mutum na farko mai korona a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020 a Legas, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya ranar 11 ga Maris. Kano ta sami nata na farko ranar 11 ga Afrilu. Ya kamata a tuna cewa ma'aikatan lafiya na Kano ba su gama farfaɗowa daga wani tashin hankalin ba, domin a watan Janairu na wannan shekara zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci biyu a garin. Saboda haka korona ta tarar da zukata a tsorace.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Gwamnatin jiha ta sa dokar kulle, sannan ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin rufe Kano na mako biyu. A daidai wannan lokaci aka yi ta samun mace-mace masu yawa, galibi na dattawa, har masu haƙar kabari suka fara magana. Daga baya, a watan Yuni, Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya bayyana cewa binciken da aka yi ya gano mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 mai yiwuwa suna da alaƙa da korona. An buɗe wuraren killace masu cutar, ciki har da na Kwanar Dawaki da na filin wasa na Sani Abacha.

To, a sa mai shara a tsakiyar wannan hoto. Dokar kulle ta tsayar da Adaidaita Sahu da motocin haya. Likita yana da motarsa da katin shaidarsa. Mai shara da yake zaune a Kurna ko Rijiyar Lemo ko Sheka sai ya taka da ƙafa, ko ya yi ta roƙon jami'an tsaro a shingaye, wataƙila ma ba shi da katin da yake ɗauke da sunan asibiti. Ga shi kuma azumin wannan shekara ya kama ne a ƙarshen Afrilu, lokacin da zafin Kano yake kai maki 40 a ma'auni. Wanda ya sami rigar kariya ta leda, sai ya yi aikin sunkuyo a cikinta da azumi a bakinsa, gumi yana tsiyaya cikin takalmi. Wanda bai samu ba kuwa, ya yi da takunkumin yadi da safar hannun da ya wanke jiya.

3.4 Haɗarin da Ake Gani da Wanda Ba a Gani

A farkon annobar an ɗauka cewa taɓa abubuwa babbar hanya ce ta kamuwa. Wani bincike da aka buga a Amurka a watan Maris na 2020 ya nuna cewa ƙwayar cutar tana iya rayuwa har awa 72 a jikin roba da ƙarfe. Wannan labari ya zagaya duniya, kuma a kan mai shara ya sauka. Mariƙin ƙofa da ƙarfen gado da kan famfo da kujerun jira, waɗanda a da ake gogewa sau ɗaya, suka koma ana gogewa sau da yawa a yini, ba tare da an ƙara ma'aikata ba. Hasali ma raguwa suka yi, domin wasu sun kwanta, wasu sun gudu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi amfani da ruwan kulorin mai ƙarfin kashi 0.1 cikin 100 wajen goge wurare, da kashi 0.5 idan jini ne ya zuba. Sai dai wannan awo yana bukatar a koya wa mutum. Wanda aka miƙa wa galan na Hypo ko Jik aka ce ya kashe ƙwayoyin cuta, kuma yana tsoron mutuwa, abin da hankalinsa zai ba shi shi ne ya zuba da yawa. Kulorin mai ƙarfi yana cin fatar hannu, yana sa ido ruwa, yana sa tari da sarƙewar numfashi, in kuwa aka gauraya shi da wasu magungunan wanke makewayi yakan fitar da iska mai guba. Abin lura a nan shi ne, tari da sarƙewar numfashi su ne alamun korona. Ke nan mai shara zai koma gida yana tari, bai sani ba ko maganin ne ko cutar ce, ya kwana yana lissafin 'ya'yansa. A ra'ayin mai wannan nazari, wannan rashin sani ya fi aikin kansa cin rai.

Daga baya ilimi ya ƙaru. A watan Afrilu na 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta bayyana cewa yiwuwar kamuwa ta hanyar taɓa wuri mai ƙwayar cutar bai kai ɗaya cikin 10,000 ba, kuma ta iska cutar ta fi yaɗuwa. Wannan yana nufin haɗarin mai shara yana cikin iskar ɗakin da yake shiga, inda yakan daɗe fiye da likitan da ya zo zagaye ya wuce. Takunkumi mai kyau ya fi bukata, kuma shi ne abin da ake rabawa daga sama zuwa ƙasa, ya ƙare kafin ya iso gare shi.

Akwai shaida a kan haka daga Ingila, inda aka sami halin auna jinin ma'aikata. A asibitocin koyarwa na Birmingham an gwada ma'aikata 545 a watan Afrilu na 2020. An sami alamar kamuwa a jinin kashi 34.5 cikin 100 na masu shara, wanda shi ne mafi yawa, alhali ma'aikatan sashen kulawa ta musamman, masu jinyar waɗanda cutar ta fi kayarwa, kashi 14.8 ne kawai. Wani binciken a asibitocin Oxford shi ma ya sami masu shara da masu tura majinyata a sahun gaba wajen kamuwa. Bayanin da ya fi kusa da hankali shi ne, na sashen kulawa ta musamman an ba su cikakkun kayan kariya kuma an horar da su. Idan haka ta faru a ƙasar da take da wadata, ba sai an tsawaita ba game da inda safar hannu ma sai an yi tsimi.

3.5 Yadda Damuwar Take Bayyana

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar farko ta annobar ciwon fargaba da na damuwa sun ƙaru da kashi 25 cikin 100 a duniya. Game da ma'aikatan asibiti, binciken da ya fi shahara shi ne wanda aka yi a ƙasar Sin a kan mutum 1,257, inda aka sami alamun damuwa a jikin kimanin rabinsu, da rashin barci ga kashi 34 cikin 100. Amma likitoci da nas-nas kaɗai aka tambaya. Wannan ma wani nau'i ne na mantuwa da mai shara, domin takardar tambayoyi ta waya ko ta intanet, a cikin harshen Ingilishi, ba ta isa ga wanda bai yi nisa a boko ba. A Singafo, inda aka haɗa da ma'aikatan da ba na jinya ba, an sami fargaba ga kashi 20.7 cikin 100 nasu, ga likitoci da nas-nas kuwa kashi 10.8. Masu binciken sun danganta hakan da ƙarancin bayani da horo da waɗancan suke samu.

A ƙasar Hausa akwai ƙarin wani shinge, shi ne na harshe. Da wuya ma'aikaci ya ce yana da matsalar ƙwaƙwalwa, domin abin da mai sauraro zai ji shi ne taɓin hankali, kuma a Kano da an ambaci haka sai a tuna da Dawanau. Abin da zai ce shi ne jikinsa ba daɗi, ko kansa yana sarawa, ko gabansa yana faɗuwa, ko tunani ya yi masa yawa, ko jininsa ya hau. Mace za ta ce ƙirjinta ya yi nauyi, abinci ba ya shiga. Duk waɗannan gaskiya ne, domin an riga an nuna yadda damuwa take sauka a jiki. Sai dai maganin da ake nema musu shi ne Panadol a kemis, ko rubutu da hayaƙi in ana zaton iska ce, tushen abin kuwa yana nan.

Ƙyama ita ma ta yi nata aikin, kuma ta fuska biyu. A unguwa akwai masu cewa korona ƙarya ce, hanyar cin kuɗi ce kawai, saboda haka wanda ya ce ya ga masu mutuwa da ita maƙaryaci ne ko an ba shi nasa kaso. Akwai kuma waɗanda suka yarda da ita har suka hana 'ya'yansu shiga ɗakin mai aikin asibiti. A gidan haya, inda ake tarayya a makewayi ɗaya da rijiya ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shawarar da ake ba ma'aikata cewa su keɓe kansu daga iyali ba ta da ma'ana ga mai ɗaki ɗaya da 'ya'ya shida. Daɗin daɗawa, wuraren da Bahaushe yake sauke nauyin zuciyarsa, watau masallaci da majalisa da gidan biki da zaman makoki, duk dokar kulle ta taɓa su.

Akwai kuma abin da ido yake gani. Mai shara ne yake shiga bayan an fitar da gawa, ya naɗe zanen gado, ya tattara kofi da buta da carbin mamaci. A wuraren killacewa, inda aka hana dangi shiga, yakan zama shi ne wanda majinyaci ya fi gani, ya aike shi, ya yi masa hira da Hausa. Washegari ya zo ya tarar da gado wayam. Likita da nas an koya musu tun a makaranta yadda za su ɗauki mutuwar majinyaci, kuma suna da abokan aikin da za su tattauna da su. Shi ba wanda ya tambaye shi.

Ko da ya so neman taimako, hanyar ƙunci gare ta. Likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya a lokacin ba su kai 300 ba, ga jama'a sama da miliyan 200. Dokar da take kula da wannan fanni a lokacin annobar ita ce tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, wadda aka gada daga Turawan mulki. Sai a watan Janairu na 2023 aka sanar da sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa.

3.6 Batun Alawus da Haƙuri

Kafin korona, alawus ɗin haɗari na ma'aikatan lafiya Naira 5,000 ne a wata. A watan Afrilu na 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da wani alawus na musamman wanda ya kai rabin tushen albashi ga ma'aikatan lafiya na manyan asibitocinta, an kuma yi ta jayayya da ƙungiyoyin ƙwadago a kan wa ya cancanci nawa. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne yadda aka yi lissafin. An ɗora shi ne a kan tushen albashi, saboda haka mai ƙaramin albashi ƙaramin kaso zai samu ko da shi ne ya fi daɗewa a ɗakin masu cutar. Wanda kuwa yake ƙarƙashin ɗan kwangila ba ya cikin jerin masu karɓar albashin gwamnati, balle a sami abin da za a lissafa a kai. Wannan shi ne ainihin abin da Siegrist ya bayyana, an ƙara wahala an bar sakayya inda take.

Ba za a musa ba cewa haƙuri da tawakkali sun riƙe mutane da yawa. Wanda ya yi imani cewa ba ya mutuwa sai kwanansa ya ƙare, kuma yana ganin wanke wa marar lafiya ƙazanta aikin lada ne, ya fi samun natsuwa a kan wanda ba shi da wannan madogara. Amma akwai bambanci tsakanin haƙurin da mutum ya ba kansa da wanda shugabansa yake ba shi a madadin takunkumi. Na biyun yakan rufe bakin ma'aikaci, ya sa shi jin cewa faɗin damuwarsa raunin imani ne.

Abubuwan da suke rage matsin kuwa yawancinsu ba masu tsada ba ne. A kira mai shara wurin taron safe da ake yi wa ma'aikatan ɗaki bayani. A gaya masa wane gado ne yake da mai cutar kafin ya shiga. A koya masa awon kulorin da Hausa, da murfin galan da bokitin da yake aiki da su, ba da lissafin kashi cikin ɗari ba. A ba shi katin shaida mai sunan asibiti, a sa sunansa cikin jerin waɗanda za a gwada da waɗanda za a yi wa rigakafi. A cikin takardar kwangila kuma a rubuta wanda zai biya shi in ya kwanta, asibiti ko kamfani, domin a 2020 wanda aka ce ya killace kansa kwana 14 yakan fara tambayar ko za a yanke masa albashin kwanakin, in ya ji shiru sai ya ɓoye tarinsa ya ɗauki tsintsiya.